Ranar da Rago Ya Yi Mini Jarrabawa a Jami'a

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa cigiyar hular da ke kaina, da ranar da aka gayyace ni jami'a a matsayin masani. E, ni ɗin nan. Ni da karatun bokona ya tsaya a aji uku da ɗan wani abu (ɗan wani abun shi ne makonnin da na yi ina fita da allo daga gida, ina ƙarewa a kasuwar dabbobi). Duk wanda ya san ni a unguwarmu ta Moshi Zongo ya san Turancina bai wuce na gaisuwa da na faɗa da direba ba. To amma jami'a ta kira ni, kuma na amsa, domin ban ga dalilin da zai sa in hana manyan malamai amfana da ilimina ba.

Sana'ata dillancin tumaki. A cikinta na girma, a cikinta gemuna ya yi fari. A kasuwar dabbobi ta Tamale, idan aka yi gardama a kan rago, ni ake kira. In ɗora hannu a gadon bayansa, in matsa kwankwaso, in leƙa haƙora, in faɗi shekarunsa da irin naman da zai bayar, gardama ta mutu. Dagombawan da ke kawo dabbobi daga ƙauyuka kan ce, a jira Alhaji ya zo. Mutanen kudu da ke hawowa sayen ragunan Sallah su ma sunana suke tambaya. Ba yabon kai nake ba. To, yabon kai nake, amma da gaskiyata.

'Yata Memuna ita ce ta ja mini. Ita ce ta biyu a ɗakin matata Hajiya, kuma ita ce ta ɗauki karatun da na ajiye ta kai shi har ƙarshe. Yanzu tana koyar da kiwon dabbobi a jami'a, ana ce mata Dakta. Wata ranar Asabar ta zo gida a kan babur ɗinta, ta same ni ina shan koko a ƙofar gida.

"Baba, za mu yi zama a sashenmu. Muna sake rubuta abin da muke so ɗalibi ya iya yi idan ya gama kowane darasi. An ce a gayyato mutanen da suka daɗe a sana'ar su ba da shawara. Na ba da sunanka."

Na ce, "Sai yanzu suka gane?"

"Baba, saurare za ka yi. In an tambaye ka, ka amsa a taƙaice."

Hajiya daga cikin gida ta ɗaga murya ta ce, "A taƙaice? Memuna, wannan uban naki kike faɗa wa ko wani?"

Ban kula ta ba. Ranar zaman na fito da sabuwar batakarina, rigar saƙi mai faɗin ƙasa wadda in ka juya sai ta buɗe kamar lema, na sa farin wando da takalmin Idi, na fesa turare har akuyar maƙwabta ta yi atishawa.

Jama'a, jami'a duniya ce. Ɗakin da aka kai mu sanyi yake fitarwa ta bango. Kowa da kwalbar ruwansa a gabansa, ba mai cewa miƙo mini moɗa. Ga wata na'ura tana watsa rubutu a jikin bango, harafi ɗaya ya kai tafin hannuna. Na zauna na gyara riga, na haɗe fuska irin ta mutanen da suka saba da wuraren nan, alhali ƙafafuna rawar sanyi suke a ƙarƙashin tebur.

Shugaban zaman wani Farfesa ne mutumin Kumasi, gajere mai sanƙo, ya daɗe a Tamale har ya iya Hausar kasuwa. Saboda ni da wata Hajiya mai kiwon zabi da ita ma aka gayyato, in ya yi Turanci sai ya juyo ya maimaita mana da Hausa. Ya ce a da, malami kan rubuta abin da shi zai koyar. Yanzu so ake a rubuta abin da ɗalibi zai iya yi da kansa in an gama. Ya sa aka haska tsohon rubutun a bango, ya fassara: "Ɗalibi zai san tumaki, kuma ya fahimci muhimmancinsu."

Na gyaɗa kai da ƙarfi. Wannan magana ta yi mini daɗi, gajera ce kuma da mutunci.

Farfesa ya ce, "Alhaji, ka ga yana da kyau, ko? To, yaro ya zo ya ce maka, na san tumaki. Yaya za ka gani? Za ka buɗe kansa ka duba?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ce ban gane ba.

Ya ci gaba da bayani, ni kuwa tun ina sauraro da rabin kunne har na miƙa duka biyun. Ya ce kowane layi dole ya faɗi aikin da ido zai iya gani: ɗalibi ya auna, ya gwada, ya bambanta, ya bayyana dalili. Dole ya faɗi a wane hali zai yi aikin, shi kaɗai ne ko da taimako. Dole ya faɗi yadda za a gane ya yi daidai. Kuma abin da aka rubuta, shi za a koyar, shi za a yi jarrabawa a kai, ɗalibi ma za a ba shi ya karanta tun ranar farko don ya san inda aka nufa da shi. Abin da ba a rubuta ba kuwa, babu wanda zai ba shi lokaci a jadawali.

Wallahi abin ya burge ni. Na tuna malaminmu na aji uku, wanda ba mu taɓa sanin abin da yake so ba sai bayan bulala ta sauka. Na ce a raina, ashe haka masu ilimi suke shirya abinsu, kamar mai gini da ke ja igiya kafin ya ɗora bulo.

Da na tsaya a nan, da na koma gida da mutuncina.

Aka zo kan darasin Memuna. Ta miƙe, ta karanta layukanta ɗaya bayan ɗaya, tana fassarawa. Na farkon shi ne wannan, kuma har gobe na haddace shi: "A ƙarshen darasin, ɗalibi zai iya kama tunkiya ko rago shi kaɗai, ya riƙe dabbar yadda za a duba bakinta da idonta da kofatonta, ba tare da ya ji mata ciwo ko ya ji wa kansa ba."

Wani malami mai dogon wuya ya ɗaga hannu. Daga yadda Memuna ta ja numfashi na gane ba yau suka fara wannan gardamar ba. Ya ce layukan sun yi yawa, kuma wannan na farkon bai dace da jami'a ba, ranakun da ake ɓatawa a garke gara a mayar da su aji. Memuna ta ce ta sha ganin waɗanda suka gama da sakamako mai kyau, a tura su ƙauye, su tsaya a bakin garke da allura a hannu suna jiran makiyayi ya kama musu, in babu mai kamawa su juya, dabba ta kwana da ciwonta. Ta ce in aka cire layin, ranakun garke sun tafi ke nan.

Farfesa ya shafa sanƙonsa. Ya ce, "To, ga mai sana'a a zaune. Alhaji, me ka gani?"

Nan ne Shaiɗan ya matso da kujerarsa kusa da tawa.

Na miƙe (ba a ce in miƙe ba). Na gyara batakari. Na ce, "Farfesa, Dakta 'yata ce, amma gaskiya ba ta da 'ya. Kama rago? A jami'a? Iyaye su sayar da gona su kawo yaro nan, a rubuta a takarda mai hatimi cewa zai iya kama rago? To ku ƙara da cewa zai iya ɗaura zariyar wandonsa shi kaɗai, ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Mai dogon wuya har da buga tebur. Dariyar nan ta shiga kaina kamar hayaƙi. Na ga Memuna ta sunkuyar da kai tana juya biro a hannu, na kuma ga Farfesa ya jawo takardar gabansa ya cire murfin jan biro, amma bakina ya riga ya kama gudu.

Na ce, "Kama rago ba abin koyarwa ba ne, kowa da shi aka haife shi. Da a ce akwai rago a nan, da yanzu na nuna muku, kafin ku shanye ruwan kwalbar nan."

Na faɗi haka ne saboda tun shigowata ban ga komai ba sai gine-gine da furanni da motoci. Ina rago zai fito a wurin da ake share ganye da tsintsiyar roba?

Farfesa ya mayar da murfin biron. Fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Akwai, Alhaji! Yana bayan ginin nan. Ɗalibai ma suna can yanzu. Mu je ka nuna musu, su ga hannun gwani."

Ba mugunta ya yi ba, na rantse, mutumin da zuciya ɗaya ya faɗa. Muna fita Memuna ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ka ce gwiwarka tana ciwo."

"Gwiwata lafiyarta ƙalau."

"Baba, don Allah."

"Ke Memuna, tun ba a haife ki ba nake cikin tumaki."

Ta ja baya ta ba ni hanya. Yanzu na san abin da ta sani a lokacin, ni ban sani ba.

Garken waya ne zagaye, da rumfar kwano, da dogon kwamin ruwa na siminti a gefe. Ɗalibai maza da mata sanye da dogayen takalman roba suka ja baya suka ba mu wuri. Farfesa ya gabatar da ni da Turanci mai tsawo, na ji kalmar Alhaji ta fito a ciki har sau da yawa, suka tafa. Aka nuna mini ragon: fari mai baƙin kai, ƙahonsa ya naɗe, yana tsaye yana tuƙa kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci.

Aka buɗe ƙofa na shiga. Aka rufe.

Na ɗora hannu a ƙugu, na buɗe baki zan ce abin da na saba cewa, wato "A kama mini wancan." Maganar ta zo har kan harshena ta tsaya. Na waiwaya dama, na waiwaya hagu. Babu kowa a cikin wayar sai ni da tumaki.

A nan, a tsaye cikin kashin tumaki da takalmin Idi, gaskiya ta sauko mini. A kasuwa dillali ba ya kamu. Mai dabba ne ke kamawa, ko mahauci, ko masu ɗaurin igiya. Su riƙe ƙaho, su buɗe baki, ni in sunkuya in leƙa in yi magana. Tun ina saurayi haka ake yi. Duk ragunan da suka bi ta hannuna, a riƙe suka zo mini. Ban taɓa kama ko ɗaya ba. Ban ma taɓa lura da yadda ake yi ba, domin lokacin da ake kamun ni ina can ina zuba wa mai saye bayani.

To, amma mutane suna kallo, wasu sun ɗaga wayoyi. Na ce bismillah na nufi ragon da hannu biyu a buɗe kamar zan rungumi ɗan'uwa da ya dawo daga Makka. Tumakin suka watse. Na bi shi dama, ya yi hagu. Na bi shi hagu, ya zagaya bayan rumfa ya leƙo ni. Na kai wawura na samu jela, jelar ta zame ta bar ni da gashi a hannu. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, na ci gaba da ɗaya. Wani ɗalibi ya ce, "Baba Alhaji, a hankali!" Na ce masa dabara ce, gajiyar da shi nake yi (ni ne nake haki, shi ko tuƙarsa bai daina ba).

Daga ƙarshe na matse shi a lungu, na damƙi ƙaho ɗaya. Na juyo ina neman idon Farfesa don ya shaida. Wannan juyowar ce kuskurena na ƙarshe. Ragon ya fizge, ya ja da baya kaɗan, ni kuma na juya zan gudu, batakarina ta buɗe kamar lema ta nuna masa daidai inda zai nufa. Ban ji zafi ba da farko. Na dai ji ƙasa ta rabu da ni, sai kuma na ji sanyi. Da na buɗe ido, ina zaune tsakiyar kwamin ruwa, ƙafafuna a sama, hulata tana yawo a gefena kamar ƙaramin jirgi.

Babu wanda ya yi dariya. Wannan ya fi dariyar ciwo. Hajiya mai zabi ce kawai ta ce, "Sannu, Alhaji," da wata murya da ke rawa.

Kafin a zo a ciro ni, Memuna ta kira wata ɗaliba: "Akosuwa, shiga." Wata 'yar siririyar yarinya ce daga kudu, ba ta kai kafaɗata ba. Daga baya aka gaya mini a birni ta tashi, kafin ta zo Tamale ba ta taɓa taɓa tunkiya mai rai ba. Na so in ce kada a sa 'yar mutane a hatsari, amma bakina cike yake da ruwan tumaki.

Ba ta bi shi da gudu ba. Ta taka a hankali ta gefensa, ba ta kallon idonsa, har ya matsa lungu da kansa. Ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓarsa, ba ta ko taɓa ƙahon ba. Ta jingina gwiwarta a jikinsa, ta juya kansa zuwa kafaɗarsa, ta danna ƙugunsa da ɗaya hannun, ta ja ƙafa baya. Sai ga ragon nan, wanda ya gama wulaƙanta dattijo, ya sulale ƙasa. Ta ɗaga ƙafafunsa na gaba ta zaunar da shi a kan gindinsa, bayansa jingine da ƙafafunta. Ya zauna shiru, ciki a gaba, kamar attajirin da ya ƙoshi yana jiran a kawo shayi.

Subhanallahi. Na manta ina cikin ruwa. Duk shekaruna a kasuwa ban taɓa ganin an yi wa rago haka ba. A wurinmu ƙarti biyu ne ke kokawa da shi, ana ihu, ana zagin uwarsa. Ita kuwa ko numfashinta bai canja ba. Ta buɗe bakinsa ta faɗi shekarunsa (daidai da abin da da zan faɗa, in da an riƙe mini). Ta ja fatar idonsa ta duba, ta ce jininsa lafiya. Ta bi kofatai ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wanda yake son yanka. Sannan ta sake shi ya miƙe ya tafi abinsa, ba ciwo a jikinsa, ba ciwo a nata. Abin da ke rubuce a layin nan, kalma bayan kalma, shi na gani yana tafiya da ƙafafunsa. Wani ya zauna ya yi tunanin abin da hannu ke yi, ya rubuta shi a fili, aka koya wa yarinyar da ba ta gaji ko kaza ba, kuma ga shi ta iya.

Ɗalibai biyu suka ɗago ni. Ruwa yana zuba daga batakari kamar indararo. Farfesa ya matso da takardarsa da jan bironsa, yana ƙoƙarin daidaita fuskarsa.

"Alhaji, sannu. To, layin nan na farko. A cire?"

Na karɓi hulata daga hannun wani, na matse ta, na ɗora a kai don a yi maganar cikin mutunci. Na ce, "Farfesa, a bar shi. A ja masa layi a ƙasa. In da hali a rubuta shi da manyan baƙaƙe."

Ya juya wurin mai dogon wuya. Shi kuwa yana ta kallon ƙahon ragon, ya ce ba shi da sauran magana. Sai a lokacin dariyar da kowa ya danne ta ɓalle, har da ni, ina riƙe da ƙugu.

Memuna ce ta mayar da ni gida a bayan babur ɗinta, na zauna a karkace saboda dalilin da ba sai na faɗa ba. Muka yi ta tafiya. Sai wajen unguwar Sabonjida, da muka tsaya ba wa wata mota hanya, ta ce, "Baba, na gode."

Na ce, "Ba'a za ki yi mini?"

"Wallahi a'a. Na daɗe ina kawo musu hujja a kan layin nan, ba su ji ba. Kai ka shiga sau ɗaya, magana ta ƙare."

Na ce, "To ai dama shirina ke nan."

Babur ɗin ya ɗan yi rawa, na san dariya take.

Hoton faɗuwata bai jira ni ba, ya riga ni isa zango ta wayoyin mutane. Mako guda ban leƙa kasuwa ba. Ranar da na koma, mahauta suka yi ta tambayata ko a kawo mini tawul. Na ce musu bincike ne na jami'a, ba kowa zai gane ba.

Abin da na koya, tunda dole tsoho ya ce ya koyi wani abu: duk aikin da ka ji bakinka yana cewa kowa ya iya, tsaya ka tuna wa yake yi maka shi duk shekarun nan. In kuma ka ƙi ji, lallai sai ka yi alfahari a gaban masu ilimi, to kafin ka buɗe baki, nemi izini kamar za ka kama ruwa, ka zagaya ka leƙa bayan ginin.